Yadda Ake Ɗaura wa Motar Jeji Bamba da Sulken Ƙarfe Ba Tare da An Karya Mata Baya Ba

Da zarar zafi ya fara sassautawa a Jidda, wajen watan Nuwamba, sai sina'iyya, unguwar garejoji da masu gyaran mota, ta cika da masu motocin jeji. Kowa yana shirin fita barr, wato jeji, ranar Juma'a da Asabar, a kafa tanti, a hura wuta, a dafa shayi. Tun da aka kawo gasar tseren motoci ta Dakar ƙasar nan ta Saudiyya a Janairun 2020, aka tashe ta daga nan Jidda, sha'awar ɗaura wa mota ƙarfe ta ƙaru sosai, kuma mu Hausawan Makka da Jidda da Madina ba a bar mu a baya ba. Akwai wanda ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Patrol, akwai wanda ke tuƙa wa maigidansa Land Cruiser zuwa garken raƙuma, akwai mai Hilux da ke kai wa makiyaya ruwa da abinci. Dukansu tambaya ɗaya suke zuwa da ita warsha, wato garejina: "Mu'allim, nawa za ka ɗaura mini da'amiyya?" Da'amiyya ita ce bambar ƙarfen nan mai ƙahonni da ke tsare gaban mota.

Ni kuwa kafin mu yi zancen kuɗi sai na tambayi mutum inda yake bi da motar. Dalili shi ne, ƙarfe kaya ne kafin ya zama kariya. Duk kilo ɗaya da ka ɗaura, motar za ta ɗauke shi kullum, a kan kwalta da cikin yashi, ko ya tare mata wani abu ko bai tare ba.

Ƙasar da kake bi ita ke zaɓa maka ƙarfe

Idan yawonka na yashi ne, irin tuddan Dahna ko Nafud ko gefen Rub'ul Khali, babban abokin gabarka nauyi ne. Mota mai nauyin kai tana nutsa hanci idan ta gangaro daga tudu, tana kuma saurin kafewa. Mai irin wannan yawo abin da yake buƙata bamba ce gajera mara nauyi wadda ta ɗage sama, don kada haɓar mota ta riƙa tonon yashi, da faranti ɗaya mai santsi a ƙarƙashin lagireto da inji.

Idan kuwa kana bin harra, wato filayen baƙin dutsen da wuta ta amayo, kamar Harrat Rahat da ke kudu da Madina, wadda ta yi aman wutarta na ƙarshe a shekarar 1256, ko kwazazzaban duwatsun Ɗa'if, to cikin motarka ne ke cikin haɗari, ba fuskarta ba. A irin wannan hanya na koyi darasin da kaina. Mun fita da motar wani abokina, gabanta ɗauke da da'amiyya mai kyalli wadda ta ci kuɗi masu yawa, amma ƙasanta babu komai sai siririyar kwanon da ta fito da ita daga kamfani. Wani dutse da bai fi kan jariri girma ba ya juya ƙarƙashin taya, ya daki kartir, kwanon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji. Ƙara ɗaya muka ji, kamar an buga tukunya. Da na sauka na durƙusa, sai ga mai yana tsiyaya da zafinsa a kan baƙin dutse, ba ka ma ganinsa sai ƙyallinsa da ƙaurinsa. Allah ya sa mun kashe injin nan take. Mun wuni muna jiran satha, motar da ke ɗaukar motar da ta lalace, da'amiyyar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Saboda haka in kuɗinka ba su isa ka sayi komai lokaci guda ba, fara da farantan ƙasa, sannan ƙarfen gefe, bamba ta zo daga baya.

Akwai kuma wata magana da ba na gajiya da maimaita ta. Wani dattijo ya zo mini daga Makka, ya ce yana son ƙarfe mafi kauri saboda raƙuma, domin yana yawan bin hanyar dare. Na ce masa, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, babu ƙarfen da ke tare raƙumi." Da'amiyya an ƙirƙiro ta ne a Ostareliya don dabbobin da tsayinsu bai wuce gaban mota ba. Raƙumi ƙafafunsa dogaye ne, bamba ƙafafun take sharewa, gangar jikin da ke kai kilo 400 zuwa 600 ta faɗo kan gilashi da rufi, daidai inda mutane suke. Abin da ke tsare mutum daga raƙumi shi ne rage gudu da dare da fitila mai kyau. Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, ka faɗi gaskiya," muka gyara masa fitilu, muka sa masa farantan ƙasa. A tuna kuma cewa ƙarfen da ke tsare lagireto shi ne ke ƙara wa mai tafiya a ƙasa rauni idan tsautsayi ya gitta. Wanda yawancin tuƙinsa cikin cunkoson Makka ne, tsakanin alhazai da yara, ya auna wannan da kyau.

Hukuma, inshora da lissafin nauyi

Dokar hanya ta ƙasar nan ta ɗauki canza fasalin jikin mota ko shasinta ba tare da bin ƙa'ida ba a matsayin laifi mai tara. Don haka kafin ka biya ko riyal ɗaya, tambayi murur, wato 'yan sandan hanya, da tashar fahas, inda ake duba lafiyar mota, ko irin abin da kake son ɗaurawa zai wuce, ka kuma tambayi mai sayarwa takardar da ke nuna kayan sun dace da ƙa'idojin SASO, hukumar kula da ingancin kaya. Ka sanar da kamfanin inshorarka. Idan motar ba sunanka ke kan istimara, takardar rajistarta, ba, kada ka kwance ko noti ɗaya sai mai ita ya yarda. Tsohuwar bambar roba da notunanta kuwa ka nannaɗe su a bargo ka ajiye, wata rana za ka neme su.

Sai lissafi. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin ko a cikin littafin motar za ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta kai da duk abin da ke cikinta. Je ma'aunin manyan motoci ka auna ta da cikakken tanki, ka cire wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne rabonka: mutane, ruwa, tanti, firji, da ƙarfe. Da'amiyyar baƙin ƙarfe yawanci tana kai kilo 50 zuwa 80, winci, injin igiyar da ke jawo mota in ta kafe, ya ƙara 30 zuwa 45. Ƙarfen gefe biyu, farantan ƙasa da bambar baya mai ɗaukar taya, in aka haɗa su da na gaba, cikin sauƙi a zarce kilo 250. Nauyin manyan mutane uku ke nan ko fiye, zaune a motar dare da rana. Na gaban ma ya fi ciwo, domin yana rataye ne gaba da tayoyin gaba, yana danna hanci yana ɗaga ƙugu.

Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe sauƙi kusan ninki uku, sai dai dole a yi shi da kauri: inda farantin ƙarfe na milimita 3 ko 4 ya isa, na alminiyam sai 6 zuwa 8. Ga mai yashi alminiyam nake zaɓa. Ga mai harra ƙarfe, domin yana zamewa a kan dutse, kuma in ya lotsa ana buge shi ya miƙe.

Wajen saye, abu ɗaya ba na sassauci a kansa: idan motar tana da jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum lokacin karo, bambar ta zama wadda aka ƙera wa wannan samfurin da wannan shekarar, aka kuma gwada ta da jakar iskarsa. Kamfanoni irin su ARB, TJM da Ironman 4x4 suna rubuta hakan a takardar kayansu. Ƙafafun da ke haɗa irin wannan bamba da shasi an yi su ne su lanƙwashe a wani ƙayyadadden ƙarfi, don kwamfutar mota ta ji bugun yadda aka tsara mata. Bambar da aka yanka aka yi wa walda a lungu, komai kyanta, tana iya sa jakar ta fashe a ɗan ƙaramin karo ko ta makara a babba. Araha ba ta ado. In a tashlih, kasuwar kayan matattun motoci, ka samo ta hannu, duba ƙafafun da kyau. Wadda ta taɓa lanƙwashewa aka miƙe ta da wuta ta gama aikinta.

Shiri

Nemi daɓe mai lebur da inuwa, ka fara da sassafe. Wanke ƙasan motar tun jiya, ka fesa wa notunan da za ka kwance man sassauta tsatsa su kwana da shi; iskar Jidda mai gishiri ce, notin da ya shekara biyar a nan ba ya fita da daɗin rai. Kayan aiki: sifanu da soket, waɗanda a motocin Japan galibi 10, 12, 14, 17 da 19 ne; sifanar awon ɗauri, wadda a nan ake kira miftah azm; jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota; salatif na takarda; gam ɗin noti mai shuɗi; fentin hana tsatsa; tef ɗin awo; da mutum biyu masu ƙarfi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zazzage kwalin a kan tabarma, ka ƙirga kowane bol da washa da takardar kayan. Dubi kan bol ɗin: lambar 8.8 ko 10.9 ita ce ƙarfinsa. Wanda babu lamba a kansa ba ya shiga shasi. Lura kuma cewa Toyota da Nissan suna yawan amfani da bol mai siririn zare. In ka tura mai kaurin zare cikin notin da ke manne a shasi da ƙarfi, ka lalata shi ke nan. Duk bol sai ya shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi.

Kafin komai, auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin madigadi, ka rubuta lambobin huɗu. Sannan ka cire kan batir na baƙar waya, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda littafin Toyota ya ce, don wutar da jakar iska ta ajiye ta zube. Duk wayar da ka gani da rawayan kai ta jakar iska ce, ba a ja, ba a yanka, ba a gwada ta da fitilar gwaji.

Bambar gaba

In kana ɗaura komai a rana ɗaya, da ita ake farawa, saboda farantin ƙasa na farko yawanci a haɓarta yake kamawa.

Manna salatif a gefen fitilu da bakin madigadi don kada fenti ya karce. Ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka taɓa. Cire ragar gaba, sannan 'yan maɓallan roba da sukurorin da ke cikin rumbun taya da ƙarƙashi. Ka ja bambar roba daga gefe a hankali, kada ka fizge ta, domin a bayanta akwai wayoyin fitilar hazo, da hassas ɗin fakin, 'yan na'urorin da ke kuka in mota ta kusa taɓa wani abu, a wasu motocin har da bututun wanke fitila. Zare kowanne, ka liƙa masa salatif ka rubuta wurinsa. Hassas ɗin nan kamarsu ɗaya a ido, amma in ka musanya na tsakiya da na gefe, ko ka juya shi a kife, zai yi ta kuka ba dalili.

Bayan roba akwai ƙarfen da ya gitta kan ƙahonnin shasi biyu. Kwance shi. Yanzu tsaya ka dubi ƙahonnin nan da fitila. Tsaga, tsatsa mai ɓarewa, alamar tsohuwar walda, ko ɗaya ya fi ɗaya tsayi, duk suna nufin motar ta taɓa karo. Ba a gini a kan rubabben tushe, a kai ta wurin mai gyaran shasi tukuna. In lafiya suke, goge su, ka shafa fentin hana tsatsa.

Ɗaura ƙafafun bamba a shasi, ka bar notunan sako-sako. Wannan ita ce ƙa'idar aikin gaba ɗaya: babu notin da ake ɗaurewa sai duk 'yan'uwansa sun shiga. Yaran warsha nan suke yawan kuskure, su ɗaure gefe ɗaya tamau, sannan su zo suna dukan ɗaya gefen da guduma.

In da winci, yanzu ne lokacinsa, domin a yawancin bambobi ba ya shiga bayan an ɗaga ta. Ƙarfinsa ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin motar. Land Cruiser 200 tana wajen kilo 3,300 in ta cika, don haka mai fam 12,000, kimanin kilo 5,400, shi ya dace da ita. Mai fam 9,500 ya ishi Hilux. Juya hannun sakin igiyar zuwa inda yatsunka za su kai ta ramin bamba. Igiyar zare ta fi ta ƙarfe sauƙi, kuma in ta tsinke ba ta yin bulala irin ta ƙarfe, amma rana da yashi suna cin ta, sai an rufe ta ana kuma wanke ta.

Tun bambar tana ƙasa, sa mata fitilun hazo, sigina da hassas. Sannan ku ɗaga, mutum ɗaya kowane gefe, na uku yana zura bol. In ku biyu ne, ɗora tsakiyarta a kan jak da katako.

Daidaitawa ita ce wurin da ake gane gwani, kuma nan nake ɗaukar lokaci. Jikin waɗannan motoci zaune yake a kan shasi bisa robobi, bamba kuwa a shasi take. Idan mota ta murɗe a kwazazzabo, jiki yana motsi dabam, bamba dabam. Saboda haka dole a bar tazara tsakanin fiffiken bamba da madigadi da fitila, kimanin milimita 15 zuwa 20, ko abin da takardar ta faɗa. Masu mota da yawa suna cewa, "Matso da ita, ramin nan ba kyau." Wanda aka biye masa, fitarsa ta farko zai dawo da lotsattsen madigadi ko fasasshiyar fitila. Ni ina yanka katako biyu masu kauri ɗaya, in cusa ɗaya kowane gefe, in ja da baya taku goma in duba layin bamba da layin bonet. Sai ido da tef sun yarda da juna nake ɗaukar sifana.

Ɗaure daga shasi zuwa waje, hagu da dama bi da bi. In takardar ba ta ba da awo ba, bol mai lamba 8.8 na milimita 8 yana son kusan niyuton-mita 22, na 10 kusan 45, na 12 kusan 80. In ta bayar, nata ake bi. Injin iska mai murza noti na sassautawa ne da matsowa kusa, ɗaurin ƙarshe na miftah azm ne. Wasu bambobin suna son a huda rami ɗaya a ƙafar bayan an daidaita, a sa bol ɗin da zai hana ta zamewa. Kada a tsallake shi, musamman mai winci. Kowane notin da ka gama, ja masa layin fenti daga kansa zuwa ƙarfen da yake kai. Ranar da layin ya rabu biyu, ka san ya motsa.

Wayoyin winci su tafi kai tsaye zuwa batir, jar da baƙar duka, domin in yana ja da ƙarfi yana iya shan amfiya 400 ko fiye. Sa musu rigar roba, ka ɗaure su nesa da bel da fanka da duk wani baki mai kaifi, ka sa makashi kusa da batir. Jar wayar da ta goge a jikin shasi gobara ce.

Abu biyu kuma. Na farko iska: a ƙasar da zafi ke wuce digiri 45, lagireto da na'urar sanyi suna buƙatar kowane numfashi. Mayar da robobin da ke karkata iska zuwa lagireto, ko da sai ka rage musu baki, kuma kada ka jera manyan fitilu huɗu da lambar mota a gaban ramin iska. Na biyu, sababbin motoci irin Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 suna da na'urar rada da kyamara a gaba. Kada ƙaho ko eriya su tare su, kuma in an taɓa mazauninsu, a kai wurin mai kwamfuta ya sake saita su.

Kada ka ɗauka kowane kunne da ke jikin bamba na jan mota ne. Wurin ja na gaskiya a shasi yake ɗaure, da awon ƙarfinsa a rubuce. Ƙananan zobban da ke ƙasan wasu motoci na ɗaure su ne a jirgin ruwa. Ƙwallon jan tirela kuwa, ina roƙonka don Allah kada ka taɓa rataya masa igiyar fizga. Yana karyewa ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane a ƙasashe da dama.

Farantan ƙasa

Ɗaga motar ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ka sa wa tayoyi waigi. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne, bulo kuma yana fashewa ba sallama. Bari salansa ta huce.

Abin da ake rufewa, daga gaba zuwa baya: ƙasan lagireto, kartir, giya, akwatin dabal mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, sai tankin mai. Kwance kwanukan kamfani, ka ɗaga sabon faranti da jak da katako, ka zura bol duka sako-sako. Na gaba ya hau kan bakin na bayansa ta ƙasa, kamar jerin kwanon rufi, yadda dutse zai zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ya sami bakin da zai kama ba. Kan bol ya kasance a cikin rami ko da zoben da ke tsare shi, in ba haka ba dutse zai murje shi har sifana ta kasa kamawa.

Zura hannu ka tabbatar akwai tazarar aƙalla yatsa tsakanin faranti da kartir, da giya, da salansa. Inji yana rawa a kan robobinsa. Farantin da ya manne masa zai riƙa ƙara, kuma in dutse ya daka, bugun zai wuce kai tsaye kamar babu komai. Duba ko ramin juye baƙin mai ya yi daidai da notinsa, don kada duk juyen mai sai an sauke faranti. In alminiyam ne, shafa wa bol ɗin man hana kamewa, saboda alminiyam da ƙarfe in suka haɗu da damshin teku suna cin juna.

Faranti yana tara abin da ba a gani. Bayan ruwan sama, idan jeji ya yi ciyawa ta bushe, tana cusuwa tsakaninsa da salansa mai zafi, ga yashi da ke riƙe ɗigon mai. Duk dawowa daga barr, leƙa ka zaro, ka wanke.

Ƙarfen gefe da bambar baya

Matakalar da ke zuwa da mota ta hawa ce kawai, dutse ɗaya ke naɗe ta cikin ƙofa. Ƙarfen gefe na gaskiya a shasi yake kamawa, kuma yana iya ɗaukar nauyin motar. Cire matakalar, ka ɗaga sabon da jak, ka bar tazarar yatsa tsakaninsa da jiki saboda motsin da na faɗa. Kafin ka ɗaure ko ka huda, shafa bayan shasin da hannunka: bututun birki da na mai da wayoyi a nan suke bi, kuma maƙalar ƙarfe tana iya matse su ba ka gani ba. Yi amfani da ramukan da ke akwai. Ba a huda saman shasi ko ƙasansa, ba a kuma yi masa walda don son sauƙi. Motar da ke da jakar iska ta gefe, nata ƙarfen ma sai wanda aka ƙera mata. Buɗe ƙofofi huɗu ka rufe kafin ɗaurin ƙarshe.

Bambar baya aikinta kamar na gaba ne, ba sai na maimaita ba. Abin lura shi ne lambar mota ta fito sarai da fitilarta, kyamarar baya ta ga hanya, hayaƙin salansa kada ya bugi ƙarfe ko waya, makullin hannun da ke ɗauke da taya kuma ya kama ba girgiza. In ba ka ƙara girman taya har ta ƙi shiga mazauninta ba, ni ban ga dalilin ɗora wa ƙugun mota wannan nauyin ba.

Bayan an sauke ta

Mayar da kan batir. Kunna mota ka ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ta tsaya a kunne, kada ka fita da ita. Gwada sigina, fitilar hazo, hassas da winci. Murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, wani yana kallon ko taya tana taɓa fiffiken bamba ko robar rumbunta.

Ɗauko lambobin nan huɗu da ka rubuta da safe, ka sake aunawa. In gaba ya sauka da santimita ɗaya, ba laifi. In ya kai biyu ko uku, sifirin ɗin kamfani ya gaza, shoka za ta riƙa dukan ƙarshenta a kowane rami, kuma tsayin da ka rasa daidai wurin kartir ka rasa shi. A sa sifirin da shoka da aka yi wa wannan nauyin, ba mafi tauri a kasuwa ba, domin mai taurin da ya wuce kima yana sa mota tsalle a kan hanya mai gargada. Shi ya sa ake sayen su bayan an san nauyin ƙarfen, ba kafin ba. Daga nan a kai ta mizan, wurin saitin ƙafa, a daidaita tayoyi, a saita fitilun gaba a jikin bango, a koma ma'auni a ga abin da ya rage na mutane da kaya.

Fitar farko ta zama gajera, a hanya mara cunkoso. Taka birki daga gudun 60, ka ji yadda hancin ke nutsawa da ƙarin tazarar da take ci kafin ta tsaya. Kashe rediyo ka saurari ƙara. Kunna na'urar sanyi da tsakar rana, ka hau doguwar hawa irin ta Hada, a hanyar Ɗa'if, in da hali, idonka a kan allurar zafi. In ta ɗaga fiye da inda ka saba ganinta, wani abu ya tare iska. Sannan ka nemi ɗan tudu ka hau shi a karkace har taya ɗaya ta kusa barin ƙasa, ka ja birkin hannu, ka sauko ka duba tazarar nan ta fiffike da ta ƙarfen gefe yayin da jikin yake a murɗe.

Bayan kilomita 500 na farko, ko bayan fita jeji ta farko, duk wanda ya riga, shiga ƙarƙashi da fitila da miftah azm. Bi layukan fentin ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na ƙahonnin shasi, domin fentin sabon ƙarfe yana murjewa a ƙarƙashin washa, notin da ka ɗaure daidai ya saki kaɗan. Wurin da dutse ya karce, goge ka shafa fenti kafin damshin Jidda ya same shi.